Hannun dama da kifin Inna Kadi

Salamu alaikum 'yan'uwa. Na san shiruna ya yi yawa. Masu kawo mini ɗinki sun ɗauka na bar Gaya, wata har ta aiko tana tambaya ko na koma Malanbil da zama. Ban je ko'ina ba, ciwo ne ya kayar da ni.

Da ciwon ƙeya abin ya fara. Na yi ta haɗiyar ƙwayoyin bakin kasuwa ina cewa gajiya ce, ga ɗinkin salla ya taru. Wata safiya ina yanka atamfa sai almakashi ya suɓuce mini. Na duƙa in ɗauka, hannu ya ƙi. Na buɗe baki in kira maigida, sai yawu.

A asibiti aka auna tansiyo, wato hawan jini, majo, babban malamin jinya, ya dube ni ya ce, "Baiwar Allah, da wannan kike yawo?" Aka tura mu Dosso, daga can Yamai don hoton kai. Hoto da magani suka cinye keken ɗinkina. Likita ya ce wa maigida a gabana, "Shanyewar ɓarin jiki ce. Ƙafa za ta dawo. Hannun dama kam sai yadda Allah ya yi."

Ni tela ce, jama'a. Ban iya komai ba sai allura da zare.

Maigidana direban babbar mota ne, idan ya zauna jinyata ba mu ci ba. Aka kai yara wurin kakarsu a Karakara, ni kuma aka sama mini gado a wani gidan jinya da matan unguwa ke riƙe da shi. Yawanci tsofaffi ne masu ciwon mantuwa. Ƙofa kullum a kulle, saboda kogi yana kusa. Da safe a yi musu wanka, a shanya tabarmin da suka jiƙa, wanda ya sha kunu yanzu ya ce an hana shi abinci. Matan unguwa ke karɓa-karɓa wajen kawo kwano, ran Juma'a samari su zo yi wa tsofaffi aski. Akwai waɗanda tunda aka kawo su ban ga nasu ya leƙo ba.

Malam Isaka, mai motsa mana gaɓoɓi, ya ba ni ƙwallon roba in riƙa matsawa. Na tura shi ƙarƙashin gado. Zuciyata ta riga ta mutu.

Maƙwabciyar gadona ita ce Inna Kadi, 'yar Tanda, wadda ta tsufa a kan bandar kifi. Ta manta sunanta, ta manta 'yarta Fati ta rasu, amma ba ta manta sana'a ba. Kowace safiya sai ta kwashe silifan mutane ta jera a kan tabarma, su ne kifinta. Da aka gaji da rigimar takalmi, matan unguwa suka tara mata tsofaffin silifa cikin kwando.

Rannan ta ƙura mini ido ta ce, "Ke Fati! Kina kwance kifi na ƙonewa?"

Don a zauna lafiya na ja jiki na miƙa hannun hagu. Ai kuwa ta kai mini duka. "Abincin mutane za ki taɓa da hagu? Wa ya haife ki?"

Na ce, "Inna, na dama ba shi da lafiya."

Ta ce, "Ƙarya kike, son jiki ne."

Ta kama mataccen hannun ta ɗora a kan silifa, ta tsaya a kaina. Na yi gumi, na yi kuka, na zage ta a zuci, Allah ya yafe mini. Hannun ko motsi bai yi ba. Washegari ta manta an yi, muka sake daga farko. Malam Isaka kana iya ce masa ka gaji, Inna Kadi ba ta san wannan ba. Da ya gan mu sai ya ce mata, "Hajiya, ci gaba da bandarki kawai."

Haka muka yi ta yi har damina ta wuce. Ranar da yatsuna suka kama silifa suka kifa shi da kansu, na ƙwala ihu har masu girki suka rugo. Ita ko kallona ba ta yi ba. Cewa ta yi, "Saura na gefen."

Hannuna na dawowa, ita tana tafiya. Ta daina jera kifi. Ta manta yadda ake haɗiya, a sa mata kunu ya tsaya a baki. Na zauna gabanta na ce, "Inna, ga Fati." Ta dube ni kamar bango. Wannan ya fi mini maganar likita ciwo.

Ta cika wata Laraba da hantsi. An aika Tanda, ba wanda ya zo. Matan unguwa suka sayo farin yadi, ana neman mai ɗinka likkafani, na ce a miƙo mini. Zura zare kaɗai ya sa ni zufa, kuma ɗinkin ya karkace, irin wanda da can zan kori mai koyo a kansa.

Yau ina gida, ina takawa da sanda, na fara ƙananan gyare-gyare. Alhamdu lillahi. Na gode wa maigidana, da Malam Isaka, da duk macen da ta taɓa ɗauko kwano zuwa gidan nan.

Don Allah ku riƙa auna tansiyo, ko ba kwa jin komai. In baki ya karkace ko hannu ya saki, a nufi asibiti nan take, kada a tsaya shafe-shafe. Tsohonku kuma idan ya fara mantuwa, ba maita ba ce, ba hauka ba ce, ciwo ne. Ku je ku gan shi ko bai gane ku ba.

Wanda ya karanta ya sa Inna Kadi a addu'a. Duk abin da zan ɗinka nan gaba, nata ne na fara, kuma da hannun dama na yi shi.