Ajiyar Ankul

Shekarun baya, lokacin kullen korona, muna zaune a ƙasar waje, a hawa na tara na wani bene a unguwar Sentul, maigidana yana fama da digirinsa na uku. Ƙofar da ke kallon tamu ta wani tsoho ce Bafaranshe, shi kaɗai yake zaune, muna ce masa Ankul. Ni kuwa hannuna bai san girki kaɗan ba, don haka kusan kullum sai na rataye masa kular abinci a ƙofa.

Daga bakin ƙofarsa, da takunkumi a fuska, yake ba ni labarin garinsu, Chablis. Wai ƙasarsu fara ce, in ka tona sai ka ga ɓawon katantanwar teku, kuma in sanyi ya sauko wa inabi, wuta manoma suke kunnawa a tsakanin kunyoyi. Hirar tana tuna min gonar tumatirin mahaifina a Kadawa. Na san giya ake yi da inabin nan, sai in yi kamar ban sani ba.

Ranar da motar asibiti ta zo ɗaukarsa, ya ajiye wata jaka a ƙofarmu ya ja baya yana haki. Ya ce kwalbar farar giya ce a ciki, mahaifinsa ne ya yi ta shekarar da aka haifi 'yarsa, ita kaɗai ta rage, gonar ma an sayar. In mai gidan haya ya kwashe masa kaya, ɓata za ta yi.

"Ki ajiye wa 'yata a wuri mai sanyi. Boleh?" Wato "zai yiwu?" da yaren 'yan ƙasar.

Na ce masa to, alhali zuciyata a'a take cewa. Nauyinsa na ji, mutum yana numfashi da ƙyar.

Bai yi sati biyu ba ya rasu. 'Yar tana Faransa, iyakoki a rufe, ko lambarta ban karɓa ba. Na naɗe kwalbar a tsohon zani na tura ƙarƙashin gado, ban gaya wa kowa ba. Daga nan sallata ta daina yi min daɗi, ina sujada ina tuna abin da ke gefena. Saura kwana biyu azumi maigidana yana jawo akwati ya ci karo da ita.

"Giya? A ɗakin da muke salla? Haba Maman yara, seriously?"

"Amana ce, Abbansu. Ta marigayi Ankul ce."

Tsakani da Allah bai ce in zubar ba. Cewa ya yi in san yadda zan yi da ita kafin a ga wata. Ni ce da wayona na yanke cewa ai kwalbar ce abin tunawa. Na ƙwaƙule abin da aka toshe bakinta da wuƙa, na tsiyaye giyar a wurin wanke-wanke ina toshe hanci, sannan na jiƙa kwalbar a ruwan zafi da sabulu, irin wankin da nake wa kwalbar manja. Da na dawo, takardar jikinta ta saɓule ta dame, har da rubutun hannun mahaifin Ankul da ke kanta.

Bayan an buɗe iyakoki 'yar ta zo, mace sa'ata. Ta ce daga gadon asibiti mahaifinta ya gaya mata ta waya cewa yana da ajiya a wurina. Na miƙa mata kwalba fes, na faɗa mata gaskiya ban rage komai ba. Ta jujjuya ta tana neman rubutun. Sai ta kai bakin kwalbar hancinta, ta daɗe a haka. Na san abin da take shaƙa, sabulu mai ƙanshin lemon tsami ne. Ta yi min godiyar abincin da na riƙa ba mahaifinta, ta tafi.

Har yau ban yi nadamar raba ɗakina da giya ba, amma duk sanda na tuna matar nan sai in ji ban kyauta mata ba. A hawanmu akwai 'yan Indiya da 'yan China da za su ajiye ta ba wata damuwa. Da na ce masa ba zan iya ba, da ƙofar gaba zai ƙwanƙwasa. Na ji kunyar tsoho ta minti ɗaya, na bar 'yarsa ta hau jirgi da kwalbar da ba komai a cikinta.