Sale Mai Hoto

Ku da kuka san marigayi Sale Mai Hoto, kun san ba a gama gaisawa da shi a inda aka fara. Kana cikin "ina gajiya" zai kama kafaɗarka ya ja ka gefe: "Matso nan, rana na cin fuskarka." Ni da rumfar ɗinkina ke manne da tasa a kasuwar Gwarzo, na sha jan nan har na saba. Mutum ne da ba ya zama. Ko kunu a tsaye yake sha, yana leƙen sama.

Abin ya samo asali ne ranar da ya bi motar gyaɗa zuwa Kano, wani ya ja shi silima. Ya dawo aljihu cike da katunan 'yan fim ɗin Indiya, ya manna su a bango, ya rantse duk wanda ya zauna gaban akwatin hotonsa haka zai fito, ko ya so ko ya ƙi.

Da kaka Malam Habu na Getso ya sayar da gyaɗarsa, ya zo cikin sabuwar riga a ɗauke shi. Sale ya dube shi ya girgiza kai.

"Fuskar nan ta bushe."

Ya lakato man gyaɗa ya shafe masa kumatu, ya fizge zanin da nake ɗinki ya rataya a bayansa, ya jingina faranti yana haska shi.

"Ɗaga haɓa! Kalli can nesa, kamar kana tuna wadda ta ƙi ka!"

"Ni ba wadda ta taɓa ƙi na."

"To tuna shekarar da fara ta cinye maka gona!"

Ya shige ƙarƙashin baƙin ƙyalle. Kafin ya gama saiti ƙudaje sun ji ƙanshin mai.

"Sale, ƙudaje fa!"

"Kada ka motsa! Su ma ka ce musu kada su motsa!"

Hoton da ya kusa jawo masa duka shi ne na Malam Inuwa na Kabo. Bawan Allah ya daɗe yana burin Makka, aka ce ya kawo hoton fasfo. Sale ya karkata shi gefe, rabin fuska a duhu, ido a lumshe. Bayan kwana uku sai ga Malam Inuwa a keke, gumi sharkaf, wai gobe za a rufe karɓar takardu.

"Sun dawo mini da shi! Sun ce ina ɗaya kunnen?"

"Ikon Allah! Ai irin wannan ne sak. Su duba ɗayan mana!"

Sai da na riƙe Malam Inuwa. Sale ya sake ɗauka yana ƙunƙuni, ya wanke, ya hau mota da kansa ya kai Kano. Da ya dawo ya ce mini, "Tela, na tura mutumin kirki Makka da fuskar wanda aka kama da akuya."

Sai mahaifiyata. Cutar agana ta bar mata zanzana a fuska tun tana yarinya, ko madubi ba ta ajiyewa. Sau uku Sale na zuwa wurinta a Madadi da akwati a bayan keke, tana korarsa.

"Inna, minti ɗaya kawai!"

"Tafi can, ja'iri!"

A na huɗu ta gaji, ta zauna a bakin ɗaki da la'asar. Ranar bai shafa mai ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Inna, ki kalli jikokinki kawai."

Da ya kawo hoton ta daɗe tana dubawa.

"Wace ce wannan?"

"Ke ce mana, Inna."

"Ƙarya kake."

Ta buɗe kwallarta ta saka shi ciki, ta mayar da murfi. Yau shi kaɗai muke ɗaukowa idan muna kewarta.

Shi kuwa da ya rasu, 'ya'yansa suka zazzage akwatuna. Ga rabin mutanen Gwarzo, ga na Kabo, nasa ko ɗaya babu. Na sha ce masa ya zauna in danna masa, yana cewa, "Kai? Je ka yi ɗinkinka, duk ba ku iya ba."

Allah Ya jiƙan Sale, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haɗa fuskokinmu a Aljanna.