Ranar da Na Soya Gabu a Kasuwar Shagari

Shekarun baya, ina tsakiyar karatun kasuwanci a jami'a, na dawo hutu garinmu Dandin Mahe na tarar mahaifiyata ta kife turminta a bayan ɗaki. Gabu take yi, wato ganyen albasa da ake kirɓawa a dunƙula a shanya, a riƙa jefawa a miya. Wurin kakata ta gaji sana'ar, kuma har daga Bodinga ake aikowa a saya.

Da na tambaye ta dalili sai ta ce, "Auta, na bari. Hannuna ya mutu. Gabuna bai da daɗi yanzu, kunya ce ta hana mutane su hwaɗa mani." Tana dariya ta faɗa, amma dariyar ba ta yi mini daɗi ba ko kaɗan.

Yayana ne ke sayar mata a teburinsa na kayan miya a kasuwar Shagari. Da ya ga ana yayin kayan leda, sai ya sayo injin liƙewa, ya ɗure gabun a ciki, har da 'yar takarda mai hoton albasa. Abin ya yi kyau, ba ƙarya. Amma tun daga lokacin ciniki ya tsaya cak, shi kuma ya ɗora laifin a kan magi.

Ni kuwa a zangon da ya wuce wani malaminmu ya yi mana darasi a kan yadda manyan kamfanoni ke nazarin ƙwaƙwalwar mai saye. Ya nuna mana yadda ake bin idon mutum da na'ura a ga inda ya fara sauka a jikin talla. Ya kuma ce ƙamshi yana da gajeriyar hanya zuwa inda ƙwaƙwalwa ke ajiye tunanin baya da shauƙi, shi ya sa sau da yawa rai ya riga ya so abu kafin mutum ya nemo hujjar sayensa. Ranar ina gyangyaɗi a kujerar baya, amma Allah ya sa wannan ta shiga.

Na bi yayana kasuwa na zauna ina kallo. Magidanci zai zo cefane, ya ɗauki ledar, ya kai hanci, ya ji shiru, ya ajiye ya wuce. Ashe haka ne! Mu nan ba a sayen gabu sai an ɓantari kaɗan an sunsuna. Yayana ya kulle ƙamshin Inna a kurkuku bai sani ba.

Kasuwa ta gaba na ɗauko ƙaramin kasko, da murhun gawayi, da ɗan man shanu. Yayana ya dube ni ya ce, "Kai, mi kaka shirin yi? Kunyata ni za ka yi cikin mutane?" Mai tattasai na kusa da mu ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce, "Ɗan boko, ashe tuya aka koya muku can birni? In ka ƙare ka soya muna masa!" Na ji kunya, amma na dake. Na marmasa gabu a cikin man, ya fara ƙauri, iska ta kwasa.

Ba a jima ba wani dattijo da ya riga ya wuce ya yi turus, ya juyo. Ya tsaya a kan kaskon ya shaƙi ƙamshin, sannan ya ce, "Wanga ƙamshi, miyar tsohuwata ce, Allah shi jiƙan ta. Wa ka yin shi?" Na ce mahaifiyata. Bai ko taya ba, ya ɗauka. Daga nan mutane suka yi ta tsayawa, kowa da wadda ƙamshin ya tuna masa. Kafin la'asar tebur ya koma wayam, mai tattasai kuwa ya dawo yana roƙon in matso da murhun wajensa.

Muka koma gida, yayana ya juye buhun gabun a gaban Inna, babu komai ciki. Na ba ta labarin dattijon. Ta kai bakin zane ta goge ido. Can ta ce, "Gobe da sahe ka tahi Mandera wurin masu albasa. Ka ce kada su ba kowa ganye, ina nan."

Yau harkar talla ce aikina, kuma na ga yadda ake amfani da ilimin nan a cusa wa mutane abin da ba su buƙata. Wani lokacin abin yana damuna. Amma duk sanda aka tambaye ni amfanin bokon da na yi, ba takardar shaida nake tunawa ba. Tsohuwa ce ta yanke wa kanta hukunci cewa ta ƙare, ni kuma na zo mata da hujjar cewa ba ta ƙare ba. Har gobe ina alfahari da wannan, kuma har yanzu tana kirɓa gabunta.