Gwandar da Sabi'u Ya Jefa

Wata Asabar ce cikin watan Agusta, shekarar da na shiga aji biyu na sakandare, ruwan sama ya tsare ni a rumfar shagon Alhaji mai hatsi a bakin kasuwar Kafanchan. Matar kawuna ce ta aike ni sayo manja. Ina raɓe da galan a hannu, sai ɗan mai shagon, Sabi'u, wanda muke aji ɗaya amma ba mu taɓa magana ba, ya leƙo ya kira ni da laƙabin da aka sa mini a aji, ya ce, "Kai Farfesa, shigo mana, ko kai ma gishiri ne?" A ciki akwai talabijin, ba wanda ke kallo sai shi. Wasu ƙarti ne sanye da hulunan kwano suna karo da juna kamar raguna, suna rububin wata ƙwallo mai siffar gwanda. Ƙwallon Amurka ke nan, ana maimaita wani tsohon wasa.

A lokacin ina zaune gidan kawuna saboda makaranta, iyayena suna ƙauye wajen Madakiya. Da safe in ba aladu dusa, in cika randuna, da yamma in taya yankan citta ana shanyawa a kan dutse. Ba a cuce ni ba, amma ba wanda nake hira da shi. A makaranta kuma idan ana raba 'yan wasa ni ake bari a ƙarshe, daga baya ma aka daina kirana, sai dai a tara mini takalma da riguna in yi gadi a gindin mangwaro.

Daga ranar nan duk Asabar sai na nemi dalilin zuwa kasuwa. Turancin masu sharhin ya yi mana sauri, don haka da ido muka koyi wasan. Muka gane akwai mutum ɗaya da ake miƙa wa ƙwallo ya ja da baya ya jefa, ana ce masa kwatabak, akwai kuma wani dattijo a gefen fili da abin magana a kunne, shi ne koci. Nan gardamarmu ta samo asali. Sabi'u ya ce mai jifa shi ne komai, kuma ba a auna shi sai da yawan kofunan da ya ɗauka. Ni kuwa na ce kofi na mutane da yawa ne, gwani yana iya faɗawa cikin ragwaye ya tsufa bai ɗaga ko ɗaya ba, kuma duk gudun da ake yi a fili wancan dattijon ne ya tsara shi tun kafin a fito. Sabi'u ya kan yi dariya ya ce, "To ya cire abin kunnen ya shigo a make shi mu gani!" Ban taɓa gaya masa ba, amma ba don dattijon kawai nake hujja ba. Ina so ne a ce wanda ke tsaye a gefe ma yana cikin wasa.

Da muka gaji da baki, Sabi'u ya ce a gwada. Ya lallashi yaran ajinmu ranar wata Juma'a bayan an tashi, ni kuma na tsinko ɗanyar gwanda a bayan gidan kawu na ɓoye a jaka. Ranar ce karo na farko da yara suka zagaye ni suna sauraro. Na durƙusa na zana wa kowa hanyarsa a ƙasa da tsinke. Bitrus, wanda ya fi kowa gudu a makarantar, zai yi kamar zai bi hagu, ya juya dama ta wajen mangwaro, can gwanda za ta same shi. Ya ce, "To Oga koci, mun ji."

Komai ya tafi yadda na zana. Masu tsaro suka bi hagu, Bitrus ya fita shi kaɗai, Sabi'u ya ja baya ya saki gwanda, ta tashi tana juyawa har ta sauko daidai kansa. Sai dai Bitrus tun yana rarrafe aka koya masa cewa taɓa ƙwallo da hannu laifi ne. Ya maida hannayensa baya, ya daka tsalle ya sa mata goshi. Gwanda ta tsage, ƙaronta ya shiga masa ido, ya zauna a ƙasa yana ihu yana kiran mamarsa. Yara suka yi ta birgima don dariya. Wani ya ce, "Wasan Farfesa ke nan, a fasa kai a rasa miya!" Kafin in goge zanen, an fito da ƙwallon roba, an tara mini takalma.

Mun ci gaba da zama a shagon, amma ba mu ƙara tada maganar ba, don ni kunya ta hana ni. Ƙarshen shekarar hankalin gari ya tashi, Alhaji ya kwashe iyalinsa zuwa Zariya. Ranar da ake loda buhuna a mota na tsaya tsallaken titi, na kasa ƙarasawa. Sabi'u ne ya tsallako. Ya ce, "Ka san jifana daidai ne ranar nan." Na ce na sani. Sai ya ce, "Zanenka ma daidai ne, Ayuba. Mai cafkewa ne ba mu da shi." Ranar ce kaɗai ya kira ni da sunana.

Yanzu wasan yana cikin wayata, ina jin duk abin da masu sharhi ke faɗa, ina karanta yadda mutanen da ban sani ba suke faɗa kan wane ne gwanin gwanaye, wannan ya lissafa kofuna, wancan ya ce ai kocinsa ne ya yi shi. Ina da amsoshin da ba ni da su a da, na tanade su tsaf. Shagon Alhaji ya zama wurin cajin waya, kuma duk wanda na tambaya a kasuwa bai san inda Sabi'u yake ba. Har yau idan na ga ƙwallon nan ta tashi sama, ba mai jifa nake kallo ba, ba koci ba, idona yana can gaba, ko akwai wanda ya buɗe hannu.