Kwamfutar Baba Mai Zanen Atamfa

Shekara tara na yi ina kula da kwamfutoci a ɗakin zane na wata masaƙa a Challawa. Babbar na'urar da ke riƙe da zanen atamfarmu kuwa tana can babban ofis a Bompai, mai aiki da tsarin Unix ce, a wani ɗaki mai sanyin tsiya. Ita ke aikin, namu kallo ne kawai. Wata manhaja da ake kira X ke kawo hoton ta waya. Ko Windows ke gabanka, ko Linux, ko Mac ɗin manaja, muddin da X a ciki, taga ɗaya za ta buɗe maka, ka rantse zanen a gabanka yake zaune.

Na yi wa Baba wannan bayani har bakina ya gaji. Baba shi ne babban mai zanenmu, dattijo mutumin Damagaram, ga hannu, ga taurin kai.

"Baba, zanenku fa ba ya cikin nan, yana Bompai."

"Kai dai ka cika surutu. A nan na zana, a nan nake gani."

Wallahi ina kewar ɗakin nan. Injina na ruri a ƙasa, warin rini na shigowa ta taga, Baba ya manna fuska a gilashin kwamfuta yana gyaran ganye ɗaya tun safe har azahar. In na yi dariya ya ce zai zana hancina a zanin mata.

Da masaƙar ta durƙushe, manaja ya bar wa Baba kwamfutarsa. Ya naɗe ta da atamfa, ya tare adaidaita sahu ya kai ta gidansa a Dorayi, hankalinsa kwance. Ni na san ba komai a cikinta. Na ce zan je Bompai in kwafo zanen, sai neman aiki a Sharada ya ɗauke min hankali, yau gobe, yau gobe. Ranar da na je, maigadi ya ce ai 'yan gwangwan sun kwashe na'urar da sauran ƙarafa tun wancan satin. Ban gaya wa kowa ba.

Bara Baba ya aika aka kira ni. Likita ya ce idonsa na tafiya, yana so ya ga aikinsa kafin ya rufe. Na jona kwamfutar, na kunna. X ta buɗe lafiya lau: fili toka-toka, da 'yar alama a tsakiya, tana jiran na'urar da tuni aka narkar.

Baba ya goge tabarau, ya matso da kujera.

"Bar shi, kada ka taɓa. Dama yakan ɗan jima kafin ya fito."

Kunya ta kama ni, da baƙin ciki. Muka zauna muna kallon tokar nan har aka kira la'asar. Da ya tashi alwala ya ce in tsaya a wajen, in zanen ya fito in ƙwala masa kira.