Allurar Inna

Sai da kuncin Inna ya kumbura har tuwo ya gagare ta sannan ta yarda na kai ta asibiti Kano. Tun daga Doguwa take mita a mota, wai a kan haƙori ɗaya za a tara mata jama'a.

Likita ya ce a fara ɗaukar hoton muƙamuƙi. Aka sa ta cire ɗankunne da ɗankwali, ta ciji wani ɗan abu, na'ura ta zagaye kanta. Da hoton ya fito a allon kwamfuta, na matsa kusa na duba. Ga ƙoƙon kan uwata ba fata ba nama, haƙora a jere har saiwarsu, ga ramin hanci. Ban taɓa kawowa a raina ba cewa ita ma ƙashi ce kamar kowa.

Likitan ya nuna ruɓaɓɓen mataunin, ya ce wannan mai sauƙi ne. Sai ya ƙura wa hoton ido. Can wajen da muƙamuƙi ya hau zuwa kunne akwai wani farin layi, siriri, miƙaƙƙe.

"Ƙarfe ne," in ji shi. "In a cikin nama yake, sai tiyata. Mama, kin taɓa yin hatsari?"

"Ni? Ko daga kan jaki ban taɓa faɗowa ba."

Kalmar tiyata kawai na ji. Na fara tunanin abin da zan faɗa wa ƙannena.

Ma'aikaciyar jinya ta zo za ta gyara mata zama a sake hoton. Ta kai hannu bayan kunnen Inna, sai ta yi ƙara ta janye yatsa. Allura ce a soke cikin kitso. Haka Inna take yi in ta gama ɗinki, don kada jika ya taka.

"Ashe nan take!" in ji Inna. "Ni kuwa na bi gida da faɗa a kanta."

Na yi dariya har hawaye suka zubo, kuma wallahi ba duka na dariya ba ne.

An cire haƙorin. A hanyar komawa muka tsaya Kwanar Dangora, bakinta cike da auduga, ba halin mita. Ta hango aljihun rigata ya farke. Ta zaro allurar daga kitsonta, ta warware zare daga bakin zanenta, ta jawo ni kusa. Na zauna ina kallon kuncinta, ita tana ɗinki.