Waken da ya Kwana a Ɗakin Inna

Ni dai ban taɓa yarda Inna ta ruɗe ba. Yaya ya faɗa, matarsa ta maimaita, har maƙwabta a Garbadu suka fara gaishe ta da ƙarfi kamar kurma, amma na ce a'a. Matar da duk danginmu, daga Mafara har Bakura, ba a ɗaura aure sai an zo an tambaye ta wa ya sha nonon wa, ita ce za ta ruɗe cikin kaka ɗaya? Haba!

Abin ya zo daidai da maganar auren ɗana. Ɗan yayata ne, Allah ya jiƙanta, ta rasu ta bar shi jariri. Inna ta riƙe shi har ya fara tafiya, sannan aka kai mini shi Maradun inda nake aure a lokacin. Ya girma, ya ga ɗiyar wani ɗan'uwanmu a Kaya, ya ce shi fa ita. Sai magana ta tashi wai uwar yarinyar, wadda ita ma ta riga mu gidan gaskiya, ta taɓa shayar da shi sa'ad da suke gida ɗaya da Inna. In haka ne ƙanwarsa ce, aure ya haramta. Liman ya ce ba zai ɗaura ba sai an ji daga bakin Inna.

Aka je aka tambaye ta. Ta buɗe baki, ta rufe, ta dubi ƙasa ta ce, "Ku yi mini haƙuri, kaina kamar an dama kunu a ciki." A ranar, da idona na ga tana neman carbinta, alhali yana hannunta. Na shiga bayan ɗaki na yi kukana na share.

Yaya ya ce tsufa ne, a bar maganar auren, yaro ya nemi wata. Matarsa ta ce sammu ne. Na ce, "Yaya, tsufa da sallama yake zuwa. Wannan faɗowa ya yi." Addu'a mun yi, rubutu ta sha, sannan na ɗauke ta zuwa asibiti a Mafara, inda nake zaune yanzu.

Likitan yaro ne, amma ya san girman manya. Sai da ya gaishe ta, ya tambayi gida da gajiya da iyali, kafin ya taɓa ta. Ya ce duhun kai alama ce kamar hayaƙi, sai an bi a ga inda wutar take. Tana samun barci? Tana ci, tana shan ruwa? Akwai ƙwayoyin da take saye a kemis? Ta faɗi ta bugi kai? Akwai abin da ke cin ranta? Aka auna hawan jini, aka duba suga da zazzaɓi, aka haska ido da kunne, aka ɗebi jini. Abin da aka samu ƙarancin jini ne kaɗan. Ya rubuta magani, ya ce a yawaita mata zogale da hanta. Da za mu fita ya ce mini, "Hajiya, mu awo muke yi, ke kike tare da ita. Ki lura yaushe abin ke tsananta, kuma a ina."

Inna ta zauna wurina. Ba a jima ba ta ɗanɗana tuwona ta ture kwano, ta ce duk gudaji ne, wa ya koya mini tuƙi? Wallahi ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Zancen shayarwa kuwa na cije ban tambaye ta ba, kada a ce ni na sa mata magana a baki tunda ɗana ne. Da na ga ta warware na mayar da ita gida, aka sa ranar zama da liman.

Kafin ranar ta zo, kunun ya dawo. Yaya ya aiko a gaya mini in zo in ga maganin asibitina. Ɗana kuwa ya daina cin abinci sosai, sai ya zauna yana kallon bango. Raina ya ɓaci, na zauna ina ta juya maganar likita. Maganin dai shi ne, zogalen ma da kaina na kai mata. Ɗaki kawai ta sake.

Da sassafe na hau mashin sai Garbadu, na shiga ɗakinta kafin a share. Wani wari ya doke ni har idona ya kawo ruwa. Taga a toshe da tsumma saboda sauro. Na ɗaga labulen bayan gado, sai ga buhunan wake jibge har kusa da rufi. Ashe da aka yi girbi Yaya ya ji tsoron ɓarayi, ya kwashe waken daga rumbu ya ɓoye a ɗakin Inna, wai ba mai shiga ɗakin tsohuwa. Don kada ƙwari su ci kuma, duk ranar kasuwa sai ya sayo fiya-fiya ya yayyafa. Na ce, "Inna, ba ki jin warin nan?" Ta ce, "Wane wari, ɗiyata? Na saba."

Ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba sai ranar. Na ce, "Ka tsare wake, ka bar uwarka tana shaƙar guba!" Ya tuɓe riga, ya rinƙa cicciɓar buhunan da kansa yana fitarwa, gumi da hawaye sun haɗu a fuskarsa. Da na koma wurin likita na ba shi labari, ya ce zai iya zama fiya-fiyan ne, a wanke shimfiɗa, a buɗe taga, ta sake wurin kwana, in bai washe ba a maido ta. A hankali kan Inna ya washe.

Ranar zama, da hantsi, Inna ta sa farin mayafinta ta zauna bisa tabarma. Aka yi gaisuwa har ta ƙare, liman ya yi tambaya. Ta gyara zama ta ce, "Awo, matar ta miƙo hannu za ta karɓe shi, ni na hana, don ciwon nono take yi, ita kanta nata jaririn da ƙyar take ba shi. Jar akuyata na rinƙa tatsa ina ɗura mishi da ludayi. Ku tambayi babban ɗana ga shi nan, shi ka kai ta kiwo." Yaya ya dafe kai ya ce ƙwarai, an yi haka.

Ni ina gefe, kaina ya yi girma kamar ni na haife ta. Sai ta yafito yaron, ta kama kunnensa ta ce, "Kai mai gidana, in kana da ƙanwar nono tana cikin garke. Na sallame ka, je ka yi aurenka."